Daga Ina Ciwon Nan Ya Fito?

Karatu: Yohanna 9:1-7. Ka buɗe Littafinka ka karanta da kanka tukuna, sa'an nan ka dawo nan.

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, zan fara da laifina kafin in taɓa na kowa. Ina sabon mai bishara a wani ƙauye, aka tashe ni da tsakar dare, wai yaron wani ɗan ikilisiyarmu ba lafiya. Na tarar da yaron, bai fi shekara biyu ba, yana ta tsala ihu, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Yayyensa biyu irin wannan ciwo ne ya ɗauke su. Kafin in iso an riga an gama shari'a a gidan. Akwai wata tsohuwa a ɗakin baya, matar marigayi kawun maigidan, ba ɗa ba jika, ita aka ce mayya ce, ita take cinye yaran. Aka ce in yi addu'a. Na kuwa yi, irin wadda suke so. Na ɗaure, na ƙone, na mai da kibiya kan wanda ya harbo ta. Ban kira sunan kowa ba, amma duk wanda yake tsakar gidan ya san wadda ake nufi, har ita kanta. Bayan kwana uku aka ɗaure mata kayanta aka mai da ita garin iyayenta.

Ciwon bai bi ta ba. Bayan wata biyu ya sāke tashi, aka kai yaron asibiti, aka ɗebi jininsa, aka ce sikila ce. Aka gwada uban da uwar, dukansu AS. Muka tashi muka je muka ba tsohuwar haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ba ta dawo ba, kuma an gaya mini ba ta ƙara taka ƙofar majami'a ba har ta rasu.

Tun daga ranar na gane cewa amsar da muke ba tambayar nan, daga ina ciwo ya fito, ba ƙaramin abu ba ce. Tana iya raba gida, tana iya hana mutum shan maganin da zai rayar da shi, tana iya sa mara lafiya ya mutu yana tsammani Allah ya ƙi shi.

Almajiran Yesu ma sun yi irin tambayar. Sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka ba Ubangiji zaɓi biyu kawai: ko zunubin mutumin ne, ko na iyayensa. Ka lura, ba su tambaya ko za a iya taimakonsa ba, neman mai laifi suka fara yi. Yesu ya ture zaɓin biyun gaba ɗaya, ya nuna musu cewa za a bayyana aikin Allah ne a kan mutumin. Ya kwaɓa ƙasa da yawu, ya shafa masa a ido, ya aike shi ya wanke a tafkin Siluwam, mutumin ya dawo yana gani.

Saiwa ɗaya ce

Idan ka karanta Farawa sura 1 da 2 ba za ka sami zazzaɓi ba, ba za ka sami kabari ba. Allah ya dubi aikinsa ya ga yana da kyau ƙwarai. A sura 3 ne mutum ya juya wa Allah baya, daga nan wahala da ƙaya da gumi da komawa ƙasa suka shigo. Manzo Bulus ya ɗauko zancen a Romawa 5:12, ya nuna ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo, mutuwa ta biyo shi, ta kuma bazu ga kowa. A Romawa 8:20-23 ya ƙara da cewa halitta duka tana nishi, har mu da muka karɓi Ruhu muna nishi, muna jiran ranar fansar jikinmu.

Saboda haka in aka ce zunubi ne tushen ciwo, gaskiya ne, muddin ana nufin faɗuwar Adamu. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin wannan magana da cewa wane yana ciwo domin ya yi zunubi kaza. Ta farko Littafi ne ya koyar. Ta biyu, sau da yawa, zato ne kawai na mai magana. Jariri mai zazzaɓi bai saci kome ba. An haife shi ne a duniyar da ta lalace, kamar yadda aka haife ni da kai. Saiwar ɗaya ce, amma hanyoyin da ciwo yake bi ya iso jikin mutum suna da yawa, kuma Littafi Mai Tsarki bai haɗa su a buhu ɗaya ba.

Wani ciwon, zunubin mutum ne ya jawo shi

Kada mu ɓoye wannan don mu faranta wa kowa rai. Maryamu yayar Musa ta yi gunaguni a kan ƙanenta, kuturta ta kama ta, aka fitar da ita bayan zango kwana 7 (Ƙidaya 12). Gehazi ya bi Na'aman a guje ya yi ƙarya ya karɓi azurfa da tufafi, kuturtar Na'aman ta manne masa (2 Sarakuna 5). Sarki Uzziya ya yi girman kai ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba, kuturta ta fito masa a goshi, ya zauna da ita har mutuwa (2 Tarihi 26). A Sabon Alkawari ma, Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa waɗansunsu suna rashin lafiya, waɗansu har sun mutu, saboda yadda suke wulakanta Jibin Ubangiji (1 Korantiyawa 11:30). Mutumin da ya yi shekara 38 kwance a Betasda, bayan Yesu ya warkar da shi ya same shi a Haikali ya gargaɗe shi ya daina zunubi (Yohanna 5:14). Wani zunubin kuma ba ya bukatar hukunci daga sama, da hukuncinsa yake tafe: mashayi da hantarsa, mai bin mata da cututtukan da yake kwasowa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai dai ka duba Maryamu da Gehazi da Uzziya da kyau. Laifin a fili yake, mai laifin ya sani, Allah da kansa ne ya bayyana. Ba wanda ya zauna yana lissafi daga ciwon yana komawa baya don ya gano zunubin. Matar da mijinta ya kawo mata cuta daga waje, ita me ta yi? Waɗannan ayoyi an ba ka su ne domin ka binciki zuciyarka a ranar da kai ne kake kwance. In Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka abu, ka tuba, ka mai da abin da ka ƙwace, ka nemi gafarar wanda ka cuta. In ka bincika da gaskiya bai nuna maka kome ba, kada ka ƙirƙiro wa kanka laifi. Ruhu yakan kira zunubi da sunansa. Wanda yake jefa wa mutum duhun tsoro mara suna, mai saran 'yan'uwa ne.

Wani ciwon, aikin magabci ne

Mu a ikilisiyar Fentikos ba ma jin kunyar faɗin wannan. A Luka 13:10-17 akwai matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, Yesu da bakinsa ya ce Shaiɗan ne ya ɗaure ta, ya kuma kira ta 'yar Ibrahim. A Markus 9 akwai yaron da aljani yake jefawa cikin wuta da ruwa. Ikon da Ubangiji ya ba ikilisiya a kan mugayen ruhohi yana nan, ba a janye shi ba, na kuma ga mutane sun kuɓuta cikin sunan Yesu.

Amma ka karanta Matiyu 4:24. Da marubucin yake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Da duk ciwo aljani ne, da bai sha wahalar rarrabewa ba. Shi ya sa aka ba ikilisiya baiwar rarrabe ruhohi (1 Korantiyawa 12:10), kuma baiwa ce, ba saurin baki ba. Farfaɗiya, alal misali, yawanci daga ƙwaƙwalwa take. Tana iya biyo bayan buguwa a kai, ko wahalar haihuwa, ko sanƙarau. Ba a ɗaukarta ta yawu, kuma akwai ƙwayoyin da suke tsai da ita ga mutane da yawa. In wani ya faɗi a gabanka, ka kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali ko tsumma a baki. Kana yin haka kana addu'a, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Ga abin da na so a ce na sani a daren nan a ƙauye. Ka bi Bishara huɗu daga farko har ƙarshe, ba inda Yesu ya fitar da aljani sa'an nan ya juya ya nuna wata tsohuwa, ko kishiya, ko maƙwabci, ya ce shi ne ya turo. Ya tsawata wa ruhun, ya mai da mutumin ga danginsa, shi ke nan. Mai cewa an nuna masa a wahayi uwarka ce take cinka, ka tambaye shi a wace sura ya ga Ubangijinsa ya yi haka. Bulus ya riga ya gaya mana a Afisawa 6:12 cewa yaƙinmu ba da 'yan Adam ba ne.

Yawancin ciwo, ta ƙofar da muke gani yake shigowa

A nan zan daɗe, domin nan ne muka fi sakaci. Allahn da ya raba Bahar Maliya shi ne ya umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango don biyan bukata, kowa ya riƙe abin tono, in ya gama ya rufe (Maimaitawar Shari'a 23:12-13). Shi ne ya ce a keɓe mai alamar cutar fata kwana 7 a sāke dubawa (Firistoci 13). Ya ba su wannan doka tun ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar cuta da ido. To, in damina ta sauka, ruwa ya kwashe ƙazantar bayan gida ya zuba a rijiya, amai da gudawa suka ɓarke a unguwa, ba maita ba ce. Mun bar abin da Musa ya rubuta ne. A haƙa masai nesa da rijiya, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin da yake kwashe mana yara kowace damina, sauro ne yake kawo shi, kuma gidan sauro bai kai kuɗin ankon biki ba.

Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara ƙanana suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa, har aka rasa kimanin 400. Da likitoci suka bincika, sai ga gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da ita, ana kawo su ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta cika ƙasar da yara suke rarrafe a kai suna kai hannu baki. Da aka gane, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yaran maganin da yake fitar da dalma daga jini, mutuwar ta ragu ƙwarai. Ka yi tunani, da an tsaya neman mayu a ƙauyukan nan, tsofaffi nawa za a kora, yara nawa kuma za a ƙara binnewa?

Haka sikila. Abin gado ne a cikin jini. In miji AS ne, mata ma AS, to kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, shi ya sa wani gidan za a jera uku, wani gidan ba ko ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita. Waɗansu suna kiranta la'anar kakanni. Ka karanta Ezekiyel 18, inda Allah ya hana Isra'ila ɗora wa ɗa alhakin ubansa, ka kuma karanta Galatiyawa 3:13, inda aka nuna Almasihu ya ɗauke mana la'ana a kan gicciye. Mai sikila ba la'ananne ba ne. Saurayi da budurwa, in ikilisiya ta ce ku kawo takardar gwajin jini, ba rashin bangaskiya ba ne. Ku yi gwajin tun kafin magana ta kai gaban iyaye, tun zuciya ba ta yi nisa ba.

Bayin Allah a cikin Littafi ma jikinsu irin namu ne. Timoti yana fama da ciwon ciki a kai a kai, Bulus bai ce a fitar masa da aljani ba, shawara ya ba shi a kan abin da zai riƙa sha (1 Timoti 5:23). Abafaroditus ya kusa mutuwa saboda aikin Almasihu (Filibiyawa 2:25-30). Wannan gargaɗi ne gare mu ma'aikata, masu haɗa azumi da kwanan addu'a da doguwar tafiya ba hutu, hawan jini yana cinmu ba mu taɓa aunawa ba. Ita ma zuciya tana kwantar da jiki. Karin Magana 14:30 da 17:22 sun nuna kishi da baƙin ciki suna cin mutum har ƙashi. Annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya aka yi magana (1 Sarakuna 19).

Wani ciwon kuwa, ba za a gaya maka dalili ba

Ayuba bai san zancen da aka yi a sama a kansa ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma a ganina wannan ne aikin kirkin da suka yi a littafin duka. Da suka buɗe baki sai suka shiga nema masa zunubi. A ƙarshe Allah ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a (Ayuba 42:7-9). Shi kansa Ayuba, har aka rufe littafin ba a bayyana masa dalili ba.

Elisha ya ta da ɗan matar Shunem, ta wurinsa Na'aman ya warke, amma ciwo ne ya kashe shi (2 Sarakuna 13:14). Bayan an binne shi, gawar wani ta taɓa ƙasusuwansa mutumin ya tashi da rai. Wa zai ce Elisha ba shi da bangaskiya? Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20). Shi ne ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka amsa masa da alheri maimakon cirewa (2 Korantiyawa 12:7-9). Saboda haka ka yi hattara da gaya wa mara lafiya cewa da yana da bangaskiya da ya tashi. Ka ƙara masa kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi.

Addu'a da magani

Wani zai ce, ai an zargi sarki Asa don ya je wurin masu magani. Ka karanta 2 Tarihi 16:12 a hankali. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba ko da ciwon ƙafarsa ya tsananta. Ka gwada shi da Hezekiya, wanda ya juya fuska ga bango ya yi kuka ga Allah, aka ƙara masa shekara 15, amma duk da haka annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Luka da ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne (Kolosiyawa 4:14). Waɗanda suka kawo bishara ƙasashen nan sun gina majami'u, sun kuma gina asibiti a Vom, da wurin jinyar kutare a Garkida, da asibitin Galmi a Nijar. Ba su ga saɓani a ciki ba.

Allah yana warkarwa nan take, na gaskata, na kuma gani. Matiyu 8:16-17 ya haɗa warkarwar Yesu da annabcin Ishaya 53. Amma in an yi maka addu'a ka ji ka warke, ka yi abin da Yesu ya umarci kuturu a Markus 1:44, wato ya je firist ya duba shi. A lokacin, firist ne mai tabbatar da cewa kuturta ta tafi. Kai ma ka koma asibiti a auna. Warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. Maganin tarin fuka yawanci na wata 6 ne, wanda ya yanke a tsakiya ciwon yakan dawo da taurin kai. Mai shan maganin hawan jini, ko na suga, ko na ƙanjamau, kada ya zubar da ƙwayoyinsa don wani ya ce masa shansu rashin bangaskiya ne. Na tsaya a bakin kabarin wata 'yar'uwa da ta yi haka bayan wani taron farkawa. Mai wa'azin da ya sa ta zubar ya riga ya wuce wani gari.

In kai ne kake kwance yau, Yakubu 5:14-16 ya shimfiɗa maka hanya. Ka aika a kira dattawan ikilisiya, kada ka yi shiru kana fushi ba a zo ba, wataƙila ba su ji ba. Su shafe ka da mai cikin sunan Ubangiji su yi addu'ar bangaskiya. Ka lura Yakubu ya sa sharaɗi a zancen zunubi: in har akwai shi, za a gafarta. Bai ce lalle akwai ba. In kuwa kai ne mai zuwa gaisuwa, ka tafi da kunu ko ɗan kuɗin magani, ka tambaya ko an je asibiti, ka yi addu'a gajeriya da dukan zuciyarka, ka bar binciken dalili ga Allah da likita.

Addu'a: Ya Uba, kai ka san jikina, kai ka san inda ciwon nan ya fito. In zunubina ne, ka nuna mini in tuba. In magabci ne, na tsaya a kan nasarar gicciye cikin sunan Yesu. In sakacina ne, ka ba ni hikima in gyara. In kuwa ba za ka gaya mini dalili ba, ka riƙe ni. Ka miƙa hannunka ka warkar, ka sa albarka a hannun masu jinya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Aikin wannan mako: in akwai wanda kuka taɓa zargi a gidanku saboda ciwo ko mutuwar wani, kuma yana da rai, ka shirya ka je wurinsa kafin Lahadi.